Birkin Keken Baba

Soron Ɗinki, Kano.
10 ga Yuni, 2001.

Zuwa ga yayata Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ya aikin asibiti, ya kuma zafin Maiduguri? Mu nan ruwa ya sauka, mun gode Allah. Matata Husaina tana gaishe ki, ta ce turaren wutar ya iso, kuma ba za ta ɗiba wa kowa ba.

Wasiƙarki ta same ni ta hannun direba. A tsaye na fara karanta ta, amma sai da na nemi wuri na zauna, don faɗan da ke ciki ba na tsayuwa ba ne. Kin ce in karɓe keken Baba in kulle. To na kulle, hankalinki ya kwanta. Sai dai wanda ya kai miki labarin ya ƙara gishiri, Baba bai karye ba. Yana fitowa ne daga Ƙofar Na'isa, a ɗan gangaren nan, wani ɗan acaɓa ya tsaya cak a gabansa zai ɗauki fasinja. Kin san tun da soja suka koma bariki 'yan siyasa suka shiga rabon babura, yanzu titi ba masaka tsinke. Baba ya kai hannu ga birki, yatsun suka ƙi lanƙwasuwa, ya bugi bayan babur ɗin ya faɗi. Ya ƙuje gwiwa da gwiwar hannu, hularsa ta faɗa kwata. Shi hular ce ma ta fi damunsa.

Ban ce ba ki da gaskiya ba. Yatsunsa sun ƙage, musamman da safe, manuniya ce kawai take yi masa biyayya. Birkin tsohon kekensa kuwa na sandar ƙarfe ne, ko ni sai na matse da ƙarfi. Amma ke kina can kina ba da umarni da biro, ni nake ganin abin da umarnin ya haifar. Tun ranar da na sa kwaɗo, Baba yana zaure. Bai yi mini faɗa ba, da ma faɗan ya yi da na fi jin daɗi. Abinci sai ya taɓa ya ture. Mutumin da ya yi rayuwarsa a rumfar gyaran keke, wanda duk unguwar nan ba wanda ya taɓa ganinsa ya je kasuwar Kurmi a ƙasa, shi ne yake zaune yana kallon ƙafafun masu wucewa.

Abin da ya fi cin ransa shi ne Malam Abdulbaƙi. Kin tuna amininsa na Zaitawa? Ƙafa ta kwantar da shi, ɗansa ya mayar da shi Ɗorayi. Kullum bayan hantsi Baba yake taka keke ya je, su yi karatu, su yi gardama a kan abin da ya wuce tun zamanin En'e, ya dawo kafin azahar. Na ce zan riƙa kai shi a kan babur, ya ce shi ba buhun gero ba ne da za a ɗora a baya. Na ce a ɗauki tasi, ya yi kamar da bango nake magana.

Ga abin da nake so in roƙe ki. Salihu mai kekunan gwanjo ya dawo daga Kwatano da wani irin keke da ban taɓa gani ba. An ce na hawan dutse ne a ƙasar Turawa. Birkinsa ba waya, ba sanda, mai ne a cikin 'yar siririyar roba, kamar na mota. Birkin ya mutu murus, shi ya sa ba wanda ya taya keken. Amma Salihu ya ce ya taɓa mai rai irinsa a can, da yatsa ɗaya ake tsayar da shi. Yatsa ɗaya, Ya Kaka, kuma Baba yana da ɗaya mai kyau. Ban san gyaransa ba, amma zan koya. Ki ba ni lokaci, kada ki rubuto wa Baba komai tukuna.

Ki gaida mutanen gida duka. Allah ya bar zumunci.

Ƙaninki,
Ɗahiru Kyari.


Soron Ɗinki, Kano.
8 ga Yuli, 2001.

Zuwa ga Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun tashi lafiya, kuma zazzaɓin autarki ya sauka. Mu lafiya ƙalau, sai ruwa da ya cika mana lungu har muna ɗora bulo muna tsallakawa.

Na ga sharaɗinki, cewa idan Baba ya sake faɗuwa ko sau ɗaya, magana ta ƙare. Na karɓa, duk da kin rubuta shi da manyan baƙaƙe kamar ba na gani.

Yanzu ki sha labari. Na kawo keken rumfa, mutane suka taru kamar an kawo kura. Kore ne shar, tayoyinsa jibga-jibga masu haƙora, a tsakiyar kowane wili akwai faifan ƙarfe kamar murfin tukunya. Wasu 'yan takalma biyu ne suke cafke faifan idan an matsa. A jikin hannun birkin akwai ɗan tanki da bai fi akwatin ashana ba, nan man yake zama. Na buɗe na tarar ya bushe, sai wani baƙin dauɗa. Na kwance komai na wanke, na shanya a faranti. Husaina ta ce ko jariri ban taɓa lallaɓawa haka ba.

Da na rasa gabansa sai na ɗauki murfin tankin na tafi Ƙofar Ruwa wajen Nata'ala bakanike. Ya duba rubutun jiki, ya ce man birkin mota yake sha, kada in kuskura in zuba masa wani iri, robobin ciki za su kumbura. Ya ce kuma babban maƙiyinsa iska ce. Ko ƙwayar iska ɗaya ta maƙale a hanya, za ka matsa ka ji laushi kamar burodi, keke kuwa ya ci gaba da tafiyarsa. Da na tambaye shi yadda ake fitar da ita daga abu ɗan ƙarami haka, ya ce in je kemis in sayo sirinji da robar ƙarin ruwa. Ashe aikinku na shiga ban sani ba. Ya biyo ni rumfa, yana matsa hannun birki, ni ina ƙasa ina tura mai da sirinji, ina ɗan bubbuga robar da yatsa kamar yadda na ga kina yi wa allura. Iska tana fita ɗaya bayan ɗaya, har hannun birkin ya yi tauri. Da na juya wili na taɓa, ya tsaya cak. Na yi murna irin wadda na daɗe ban yi ba.

Shawo kan Baba ya fi gyaran wuya. Ya zagaya keken ya taɓe baki, ya ce wannan na 'yan wasan kwaikwayo ne, dattijo ba ya hawa kore. Na cire sirdin da ya zo da shi, mai kama da harshen saniya, na ɗora masa nasa tsohon mai faɗi. Na sa kariyar ɗaukar kaya da madubi da ƙararrawa. Na ɗaga kan keken don kada ya riƙa sunkuyawa. Koren ma na bi shi da baƙin fenti. Sannan ya yarda zai gwada, wai don kada wahalata ta tafi a banza.

A filin bayan masallaci muka gwada. Na gaya masa ya taɓa a hankali, shi kuwa ya damƙa yadda ya saba, keken ya ƙame, saura kaɗan ya tashi ta saman kai. Na ce shi ke nan, sharaɗin Ya Kaka ya ci ni tun ba a je ko'ina ba. Amma ya dafe. Ya dubi yatsansa, ya dubi wilin, ya sake takawa. Ya yi ta zagaye yana tsayawa yana tashi, har na ga yana murmushi shi kaɗai. Bai yaba ba, kin san halinsa. Abin da ya ce kawai shi ne sirdin ya ɗan karkace.

Washegari ya tafi Ɗorayi. Na bi shi a baya daga nesa a kan nawa keken, ina ɓuya a bayan motoci kamar ɓarawo. A gangaren Ƙofar Na'isa na ga ya rage gudu da yatsa ɗaya, sai na juyo. Da ya dawo ya cinye tuwonsa tas ya nemi ƙari, kuma ya ce Malam Abdulbaƙi ya ƙara rikicewa, ba ya jin magana. Daga nan na san Babanmu ya dawo.

Yana gaishe ki, Husaina ma haka. Ki aiko masa da man shafawar nan na yatsu, yana jin daɗinsa ko da bai faɗa ba.

Naki,
Ɗahiru.


Soron Ɗinki, Kano.
28 ga Yuli, 2001.

Zuwa ga yayata,

Assalamu alaikum, tare da fatan alheri gare ku baki ɗaya. Ki karanta wannan har ƙarshe kafin ki ɗauki biro. Baba lafiyarsa ƙalau, ko ƙwarzane babu. Na fara da wannan ne don na san ki.

Kin tuna Alhamis a gidanmu? Yadda Baba yake fito da kekensa tsakar gida da safe, ya shimfiɗa buhu, ya kifa shi a kan sirdi da kai, tayoyi suna kallon sama, ya bi kowace gaɓa da baƙin mai? Ni na girma ina ganin haka, har na daina ganinsa. Duk mai gyaran keke a garin nan haka yake yi, ni ma haka nake yi wa kekunan mutane. Shi ya sa ban kawo komai a raina ba.

To wannan keken ba ya son a kifa shi. A saman ɗan tankin nan akwai 'yar iska da take zaune ƙarƙashin murfi, ba ruwanta da kowa muddin keken yana tsaye. Da an juya shi sai ta bi roba ta shige ciki. Alhamis ɗin baya Allah ya tsare, ba ta shiga da yawa ba. Shekaranjiya kuwa Baba ya kifa shi, ya yi ta matsa birki yana gwadawa. Ga shi kuma tun da damina ta yi ƙarfi faifan baya yake ɗan kuka idan ya jiƙe. A wajen Baba duk ƙarfen da ya yi kuka ƙishirwa yake ji, sai ya shayar da shi baƙin mai har ya ƙoshi.

Jiya da hantsi ya fita. A gangaren nan dai ya taɓa birkin gaba, hannun birkin ya tafi har ya manne da kan keke, ba komai a ciki. Ya taɓa na baya, faifan ya zame. Allah ya sa ba ya gudu, kuma akwai tulin yashi da masu gini suka zube a gefen titi. Ya ja ƙafa, ya karkata ya shige yashin, ya tsaya. Igiyar takalminsa ce kawai ta tsinke. Na san abin da za ki ce. Ni kuma ina cewa bai faɗi ba, sauka ya yi. Na san wannan maganar lauyoyi ce, amma ita kaɗai gare ni.

Ya turo keken har rumfa, a gaban mutane ya ce birkin Turawa ba shi da amana, kuma gyaran yaran yanzu sai a hankali. Na duba na ga mai yana ɗiga daga faifai, na taɓa hannun birki, nan take na gane abin da ya faru. Na ce ya yi haƙuri, laifina ne, zan sake dubawa. Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye miki ba, har na kasa cin abincin rana.

Ya Kaka, ta yaya zan gaya masa? Shi ya kafa rumfar nan. Shi ya koya mini cewa aikin farko na mai gyara shi ne ya kwantar da keke a bayansa, har ya taɓa make mini ƙeya don na ɗaura sarƙa keke yana tsaye. Yatsunsa sun tafi, rumfa ta dawo hannuna, abin da ya rage masa na sana'arsa shi ne wannan safiyar ta Alhamis. Yanzu in dube shi in ce hannunsa ne yake ɓata keken? Husaina ta ce mu ɓoye gwangwanin man. Na ce mutumin da duk bakaniken unguwa ɗansa ne, mai zai gagare shi?

Na wanke faifan da sifirit. Takalman birkin sun sha mai, na gasa su a kan risho har suka daina hayaƙi, na goge su da samfefa. Sun yi siriri, ba za su jure wani gashin ba, kuma duk Kano babu irinsu, sai Salihu ya sake komawa Kwatano. Idan Baba ya ƙara shayar da su, keken ya tashi aiki, shi kuma ya koma zaure. Na riƙe keken a rumfa da sunan ban gama ba, amma Alhamis tana tafe.

Ban ɓoye miki ba don ba na so ki ji a bakin wani. Ki faɗi abin da kika gani.

Ƙaninki,
Ɗahiru.


Soron Ɗinki, Kano.
3 ga Agusta, 2001.

Zuwa ga Ya Kaka,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Amsarki ta iso da wuri, na gode da ba ki yi faɗa ba, har sai da na duba sa hannun don in tabbatar ke ce. Kin ce kunyar da za ta kai Baba ƙarƙashin mota ba ladabi ba ce, kuma idan ban gaya masa ba ke za ki rubuto masa. Maganar ta yi mini zafi, amma gaskiya ce.

Ranar Laraba na je zaure na ce masa aikin birkin nan na mutum biyu ne, Nata'ala ba ya nan, ko zai taimaka mini. Ya yi ɗan gunaguni, amma kafin in juya ya sa takalmi. A rumfa na tsayar da keken, na ɗora yatsansa a hannun birki, na ce ya matsa idan na ce, ya saki idan na ce. Na tsuguna da sirinjina. Da farko ya ce wannan ai fanko ne. Can sai iska ta fara bin robar tana fitowa, ya sunkuyo yana kallo. A hankali abin ya fara tauri a ƙarƙashin yatsansa. Shi ya fara ji kafin ni, ya ce in dakata, akwai saura, ya ji wani ɗan laushi a ƙarshe. Na bubbuga, sai ga wata ƙwaya ta fito. Hannun nan nasa har yanzu yana ji.

Da muka gama ya tambaye ni ta ina iska take shiga abin da yake a rufe. Na sunkuyar da kai na nuna masa ɗan tankin, na ce tana nan sama kullum, ba ta sauka sai an kifa keken. Ban ƙara ko kalma ba. Sannan ya sa hannu ya shafo bayan faifan, inda wankina bai kai ba, ya kai hanci ya shinshina. Ya san warin mansa. Ya goge yatsan a tsumma, ya ce in kai masa keken gida, ya tafi. Ranar ko a masallaci bai dube ni ba. Na ce a raina na gyara birki na ɓata uba.

Jiya Alhamis na fita rumfa, na bar wa Husaina sallahu ta sa ido. Ta ce ya fito da keken tsakar gida, ya shimfiɗa buhunsa, ya kama sirdi da hannu ɗaya, kan keke da ɗaya, kamar zai juya. Ya daɗe a haka. Sai ya saki, ya naɗe buhun, ya tura keken waje.

Ina cikin yi wa wani ɗan garuwa facin tayar kurarsa, ga wani malamin makaranta yana jira, sai na ga Baba ya jingine keke a tsaye, ya zauna a bencin masu kawo gyara. Na miƙe da sauri zan karɓa, ya ɗaga mini hannu, ya ce ya tarar da mutane, a bi layi. Malamin ya rantse sai Baba ya riga shi, Baba ya ƙi. Haka ya zauna a rumfar da ya kafa da hannunsa, yana jira kamar baƙo, har na sallami mutum biyun.

Da layi ya zo kansa ya yi mini bayani yadda kowa yake yi, ya ce birkin baya yana kuka idan an yi ruwa, ko akwai illa. Na ce babu. Ya ce to a bar shi ya yi ta kukansa. Ya ce in duba masa sarƙa. Na ɗiga mata mai keken yana tsaye, na kare faifan da tafin hannuna. Yana tsaye a kaina, hannuwansa a baya. Tunda nake aiki a gabansa, jiya ce rana ta farko da bai gyara mini komai ba. Na yi ta jira ya ce na cika mai, ko na bar wani noti, bai ce ba. Ya yi mini sannu da aiki, ya hau, ya nufi Ɗorayi.

Abin da na nema ke nan, Ya Kaka, kuma na samu. Baba yana kan keke, birkinsa yana ci. Amma da ya sha kwana sai da na shiga bayan rumfa na wanke fuska kafin in iya karɓar wani aikin.

Idan kin zo hutu za ki gan shi yana fita yana dawowa. Don Allah kada ki yi masa zancen, kuma kada ki yaba mini a gabansa. Ki gaida maigidanki da yara, Husaina tana gaishe ku. Allah ya ƙara wa Baba lafiya, ya sada mu da alheri.

Wassalam. Ni ne ƙaninki,
Ɗahiru Kyari.